Matar Bawa Ba Ta Zo Neman Saki Ba

Ku da kuke shirin shiga aikin alƙalanci, na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku. Kuna cewa shari'ar gado ce mai wuya saboda lissafi, ta gona kuma saboda rikicin iyaka, amma ta aure ko wa aka ɗora a kujera zai iya: ko a sasanta su koma gida, ko a raba kowa ya kama gabansa. Ɗaya daga cikinku har ya ce mini ita ce shari'ar hutawa. Ban yi masa musu ba. Na yi fiye da shekara talatin a ƙananan kotunan shari'a tsakanin Bungudu, Gusau da Tsafe, na fara da magatakarda na ƙare da alƙali, kuma mafi yawan abin da ya zo gabana maganar aure ce. Yau da na aje aiki ina gode wa Allah da Ya sa a nan rabona ya faɗa. Ku zauna ku ji yadda aikin yake.

A Bungudu na koyi aiki, a hannun wani tsohon alƙali, Malam Barmo, Allah Ya jiƙansa. Gajere ne, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, saboda haka ya sa aka mayar da bencin mata ɓangaren kunnensa mai lafiya. Ya ce maza ko ba a tambaye su ba za su ɗaga murya. Aikina a lokacin shi ne in rubuta abin da kowa ya faɗa yadda ya faɗe shi, ba gyara ba ƙari. Idan na gyara wa mutum magana don ta yi daɗin karatu, sai Malam Barmo ya sa in soke in sake.

Shari'ar da ta buɗe mini ido ta wata mata ce mai suna Kulu, daga wajen Kekun Waje. Ta zo da mahaifinta, tsoho mai sanda, ta ce hul'i take so, wato ta mayar wa mijinta sadakinsa ya sake ta. Mijin yana nan zaune, ya amsa nan take ya ce ya yarda, a ba shi abinsa. Tsohon ya ce zai jinginar da gonarsa ya biya. Kowa ya yarda, ba mai jayayya, a ganina magana ta ƙare. Amma Malam Barmo bai yanke ba. Ya tambaye ta abin da ya sa take son fita, ta ce zaman ne ya ƙare. Ya sake tambaya ta wata fuskar, ta maimaita. Sai ya ɗage zaman, ya kira Inna Tumba, dattijuwar da kotu ke aikawa cikin gidaje wurin mata, ya ce ta shiga da Kulu ɗakin baya su sha ruwa.

Ashe tun shigowar Kulu ya lura cewa da hannun hagu take gyara mayafi, da shi ta karɓi goyonta, na dama yana rataye ba ta ɗaga shi. Inna Tumba ta fito ta faɗa masa abin da ta gani a kafaɗa da bayan yarinyar: shatin duka, sabo da tsoho. Malam Barmo ya sa aka kira maƙwabta. Ba wanda ya ce ya ga duka da idonsa, don ba mai shiga gidan wani, amma maza da mata na unguwar duk sun ce sun daɗe suna jin kuka ta kan danga, kuma magana ce da ta bazu kowa ya sani. A irin wannan shari'a ana karɓar shaidar ji idan ta yaɗu haka. Ya ba mijin dama ya kare kansa, bai kawo komai ba. Sai ya raba auren saboda cutarwa, ba a mayar da ko tsinke ba, yaron ya zauna hannun uwarsa, ciyarwarsa a kan uba. Tsohon nan ya yi ta tambayar masinja ko da gaske gonarsa ta tsira, don bai yarda da abin da ya ji ba.

Da muka tashi Malam Barmo ya ce mini: "Ita hul'i kaɗai ta taɓa ji ana faɗa. Sanin sauran hanyoyin ba aikinta ba ne, aikin wanda ke kan kujera ne." Da ya sa hannu a kan abin da ta roƙa, da ba wanda zai ce ya saɓa littafi, amma da an sa wadda aka zalunta ta biya wanda ya zalunce ta.

Kayan aikin alƙali kuna tsammanin littattafai ne. Su ne na farko, kuma wanda bai zauna gaban malamai ya ƙoshi da fiƙihu ba kada ya kusanci kujerar nan. Amma akwai wasu da ba a lissafa muku a makaranta. Akwai ɗakin baya, inda ake jin maganar da ba ta faɗuwa gaban jama'a. Akwai dattijuwar kotu, wadda mace za ta buɗe wa jikinta da cikinta. Akwai masinja da babur ɗinsa, wanda in bai kai sammaci hannun mai shi ba duk hukuncinka ya tashi banza. Akwai dattijai biyu, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, da ake turawa su zauna da ma'aurata idan rikici ya ƙi ƙarewa kuma an kasa gane mai laifi. Ɗage zama ma kayan aiki ne: wani lokaci mutane na buƙatar su kwana su huce, wani lokaci kuma ɗagewar zalunci ce, don mai ƙarar da kyar ta samu na mota. Kai za ka gane wanne ne wanne. Sannan akwai kasuwa. Duk inda aka kai ni aiki, nakan shiga layin masu hatsi da ƙafata in tambayi tiyar gero da ta masara, in leƙa wurin masu mai da itace. Alƙalin da bai san yadda tiya take a kasuwa ba, in ya yanke ciyarwa, ko dai ya bar mace da yunwa ko ya ɗora wa miji abin da ba zai iya ba, ka ga wata ƙarar ta dawo.

Masu zuwa gabanku a maganar aure mata ne suka fi yawa, kuma dalilin a fili yake. Namiji sakinsa a bakinsa yake, ba ya buƙatar kowa. Shi sai ya furta uku cikin fushi, ya huce, sannan za ka gan shi da sassafe a ƙofar kotu yana neman a samo masa dabara. Mace kuwa kafin ta tako kotu ta riga ta bi ta wurin iyaye, ta bi ta wurin mai unguwa da liman, an ce ta yi haƙuri har ta gaji da ji. Ta zo da kunya, ba ta faɗin sunan mijin, sai dai "shi" ko "mai gidan". In ka yi mata tsawa sau ɗaya, ta rufe baki ke nan. Da yawansu ba su san cewa wadda aka saka tana da haƙƙin yin idda a ɗakinta ba, ba a watsa mata kaya waje. Ba su san riƙon ƙananan yara nasu ne ba, in sun yi wani aure ya koma ga kakar yaran ta wajen uwa kafin a yi maganar dangin uba. Ba su san gadonsu da akuyoyinsu da abin da suka samu a sana'arsu nasu ne su kaɗai ba. Nakan faɗa musu a fili, gaban mazan, don su ma mazan da yawa ba mugunta ce ke sa su ba, haka suka tashi suka ga ana yi.

A Gusau, bayan an ba ni kujera, aka kawo mini wata shari'a da har yau nake tunawa da ita in ji daɗi. Wata mata mai suna Asabe ta yi ƙarar mijinta, wani Alhaji ma'aikacin gwamnati mai mata biyu. Asabe ita ce ƙarama. Ta samu shanyewar ɓarin jiki bayan haihuwa, daga nan Alhaji ya daina shiga ɗakinta, ya mayar da duk kwanansa wurin uwargida. Ranar zama na ga wata babbar mace ta rungumo Asabe daga cikin keke mai ƙafa uku, ta zaunar da ita, ta gyara mata hijabi. Na ɗauka yayarta ce. Da na tambaya ta ce ita ce Hajiya Luba, uwargidan, kuma ita ta matsa wa Asabe ta kawo ƙara, don ta yi wa Alhaji magana a gida har ta gaji.

Alhaji ya ce ai Asabe da bakinta ta yafe kwananta. Na tambaye ta, ta ce haka ne, ta faɗa, don ta ga yana ƙyamar shiga kuma ba ta so ta zama masa nauyi. Hajiya Luba ta nemi izinin magana, ta ce: "Allah shi gafarta Malam, bango ɗaya ne tsakaninmu. Shina ɗakina muna hira, ina jin ta tana tari ita kaɗai. Ni ba ni son kwanan da anka ƙwato daga marar lafiya." Ban ma buƙaci shaidarta ba, don Alhaji bai musa komai ba. Na bayyana masa cewa rabon kwana ba don shimfiɗa kaɗai aka wajabta shi ba, don zama da ɗebe kewa ne, shi ya sa marar lafiya ma tana da nata. Kuma macen da ta yafe kwananta tana da ikon janyewa ranar da ta so. Na tambayi Asabe ko ta janye. Ta ɗaga kai ta ce ta janye. Alhaji ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron ciwo. Ya koma yana raba kwana, kuma suna tare har Allah Ya karɓi ran Asabe bayan wasu shekaru. Shi da kansa ya aiko a gaya mini rasuwar.

Shekarar da ta fi kowace wuya a aikina a Tsafe ta same ni, lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka har mutane suka riƙa kwararowa cikin gari da abin da suka iya ɗauka a ka. Ban taɓa ganin bencin mata ya cika kamar wannan shekara ba. Wata an kashe mijinta ba a ga gawa ba. Wata an ɗauke nata an daina jin ɗuriyarsa. Wata nata ya ce zai tafi neman kuɗi kudu, wayarsa ta mutu, shiru. Babin ɓataccen miji da muka karanta muna ɗalibai, muna ganin kamar maganar mutanen da ce, sai ga shi ya zama aikin kowace safiya. Kayan aikin kuma duk suka lalace lokaci guda. Masinja ba ya iya kai sammaci ƙauye. Shaidu sun watse, wani yana Gusau, wani ya tsallaka wata jiha. Dattijan da za a aika sulhu su ma 'yan gudun hijira ne. Matan da ba a bar musu abin ci ba, in sun nemi a raba auren, sai a yi cigiya iya gwargwado ta hannun masu gari da rediyo, a saurara, a rantsar da mace cewa bai bar mata komai ba kuma bai aiko ba, sannan a raba. Na raba da yawa. Kowane ɗaya sai na yi ta juya shi, don mutumin da nake yanke wa hukunci ba ya nan balle ya ce wani abu.

Cikin wannan hali wata mata mai suna Hassi ta shigo, daga wani ƙauye can bayan 'Yankuzo. Tana da 'ya'ya mata uku, ƙaramar a bayanta. Wanda ta yi ƙara shi ne Mamman, yayan mijinta. Magatakardana ya raɗa mini cewa wata mai neman a raba ce. Da na ce ta faɗi abin da ke tafe da ita, sai ta ce:

"Allah shi gafarta Malam, ni ban zo a kashe mini aure ba. Na zo a hana su kashe mijina da baki."

Mijin nata sunansa Bawa, manomi ne. An ɗauke shi a gona tun daminar da ta wuce, tare da wasu. Da farko an ji muryarsa a waya, daga baya aka daina. Ƙauyen ya watse, suka dawo Tsafe, ita da yara suna zaune a wani kango da mai shi ya ba su aro. Gonar Bawa tana daji, ba mai iya zuwa. Abin da ya tsira na dukiyarsa shi ne shanun noma guda biyu da amalanke, don ranar da abin ya faru Mamman ya are su ya kawo hatsi kasuwar Tsafe. Tun daga nan suna hannunsa, yana ɗaukar yashi da bulo da su a cikin gari. Yanzu Mamman da sauran dangi sun yanke cewa Bawa ya mutu. Suna so a yi sadaka, Hassi ta shiga takaba, a sayar da shanun a raba gado, in ta fita takaba akwai wani mai shago da ya nuna yana so, ta yi aure ta samu mai riƙe ta. Ita kuwa ta ƙi. Da ta ƙi, sai ɗan hatsin da Mamman ke aiko mata ya tsaya.

Kada ku ɗauka Mamman azzalumi ne. Na dube shi da kyau. Mutum ne da ya rasa gonarsa shi ma, ga matansa da 'ya'yansa, ga na wani ƙanensu da aka kashe, duk a wuyansa. Ya ce duk waɗanda aka ɗauka tare da Bawa, ko sun dawo ko an ji mutuwarsu, shi kaɗai ne shiru, kuma shirun ya yi tsawo. Ya ce riƙe shanu a wannan zamani kiran masifa ne, gara a sayar kowa ya ɗauki rabonsa tun ba a zo an kore su ba. Ya ce yarinyar nan ƙuruciya gare ta, don me za ta zauna tana jiran wanda ƙasa ta riga ta rufe.

Na tambaye shi wa ya ga gawa. Ya ce yana da shaida, ya kawo wani mutum da aka tsare su wuri ɗaya da Bawa, shi ya samu ya gudo. Mutumin ya ce ya bar Bawa kwance, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tashi, ko ruwa sai an ɗaga masa kai. Na ce ya ga ya cika? Ya ce tsakaninsa da Allah bai gani ba, da ransa ya bar shi, amma bai ga alamar zai kwana biyu ba. Na gode masa da ya tsaya inda saninsa ya tsaya. Zato ba ya kashe mutum a shari'a, komai ƙarfinsa.

Kafin in yanke, na sa aka shiga da Hassi ɗakin baya tare da dattijuwar kotu da kawunta da ya rako ta. Ban so ta zaɓi jira don ba ta san akwai wata hanya ba, ko don tana jin kunyar a ce ta gaji. Na shimfiɗa mata komai. Na ce in akwai dukiyar miji da za a ciyar da ita, tana nan matarsa, ba mai tilasta mata takaba ko aure. In abincin ya yanke, ko zaman ya zame mata cuta, tana da ikon dawowa ta nemi a raba, kuma ba laifi ba ne wurin Allah ko wurin mutane. Na kuma gaya mata gaskiya, cewa ta ji abin da shaida ya faɗa, mai yiwuwa Bawa ba zai dawo ba. Ta ce ta ji, kuma ta fi kowa sanin haka. Ta tambaya, in ta jira ta jira ta kasa, ƙofar nan tana nan buɗe? Na ce tana nan. Ta ce: "To, ba yau ba."

Na rantsar da ita cewa Bawa bai bar mata abin ci ba, bai aiko ba, ba ta kuma yafe masa ba. Sannan na yanke: Bawa rayayye ne a idon shari'a har sai an tabbatar da mutuwarsa. Ba a raba dukiyarsa, ba a sayar da shanunsa. Matarsa da 'ya'yansa za su ci daga abin da shanun ke samowa. Mamman zai ci gaba da aiki da su a matsayin wakili, ya cire ladan wahalarsa da abincin dabbobin, ya riƙa kai wa Hassi hatsi da na cefane kowace ranar kasuwa ta hannun mai unguwa. Mamman ya fita ransa a ɓace, ya ce zai ɗaukaka ƙara. Na ce haƙƙinsa ne, na sa aka nuna masa yadda ake yi. Bai ɗaukaka ba.

Yanke hukunci shi ne rabin aikin, sauran rabin bibiya ce. Mamman yakan kai, yakan fasa. Hassi ta dawo ta faɗa, na kira shi. Wani karon ya nuna mini cewa aikin gini ya tsaya a gari, shanun ba sa samun ko na harawarsu, na bincika na ga gaskiya ne, na rage masa har aiki ya dawo. Ita kuma ba ta zauna ba. Ta shiga yi wa matan gari surfe da wankau, kuma dusar da ake bar mata ba ta sayarwa, takan ɗauka ta kai wa shanun inda aka ɗaure su. Mai unguwa ya gaya mini mata sun yi ta ba ta baki, wasu na cewa taurin kai ne, wasu na cewa ta bar 'ya'yanta a kango saboda wanda ba ya duniya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Duk lokacin da na hango ta a bencin mata sai in ce yau ta zo neman a raba, kuma da ta nema da na raba ba tare da na ga laifinta ba. Ba ta nema ba.

Wata safiya masinjana ya shigo yana cewa an tsinci wasu mutane a bakin hanya an kai su asibiti a Gusau, kuma ana cewa har da mijin matar nan mai shanu. Ban saki jiki da labarin ba, don a shekarun nan mun sha jin irinsa ya zama ba haka ba. Amma shi ne. Ya daɗe a asibiti. Ƙafarsa ta dama ta lalace, ba zai ƙara bin garma ba.

Bayan kaka, ina cikin zama, aka ce mutanen shari'ar shanu suna waje suna neman a ba su dama. Na ɗauka rikici ne ya tashi tsakanin Bawa da yayansa kan abin da shanun suka samo, don haka irin waɗannan shari'u suka saba ƙarewa. Suka shigo su uku. Ranar na fara ganin mutumin da na daɗe ina yanke hukunci da sunansa: dogo, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa, yana dogara sanda. Hassi ta wuce bencin mata, Mamman ya zauna nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

Bawa ya yi gaisuwa ya ce an ba shi labarin komai. Ya ce bai zo ƙarar kowa ba, yayansa ya yi abin da yake ganin daidai ne, kuma ya riƙe masa dabbobi cikin wahala, ya gode. Abin da ya kawo shi shi ne yana so, gaban kotu da shaidu, ya ba matarsa shanun nan biyu da amalanken kyauta, su zama nata halak malak.

"Na ga yadda mutum ka ɓacewa, Malam," ya ce. "In ta sake faruwa, ba ni son ta tsaya gaban kowa tana roƙon abin da za ta ba ɗiyana."

Na tambaye shi ko wani ya matsa masa, ya ce a'a. Na duba ko ciwon nasa na ajali ne, don kyautar mai ciwon ajali hukuncinta daban, aka tabbatar mini ƙafa ce kawai, sauran jiki yana murmurewa. Na tambayi Hassi ko ta karɓa, ta ce ta karɓa. Na ce a kawo shaidu. Bawa ya juya ya ce yana so yayansa ya zama na farko. Mamman ya miƙe ya matso, ya ce ya shaida, kuma in ta yarda zai ci gaba da yi mata aiki da su, ita ce mai cewa ga yadda za a raba.

Na gaya musu saura abu ɗaya. Kyauta ba ta ƙarfi sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, ta fita daga hannun mai bayarwa. Aka ce ai shanun suna waje, an zo da su. Na dakatar da zama muka fita, ni da magatakarda da shaidu, masu jiran tasu shari'ar ma suka biyo mu, matan da ke benci duk suka taso suka tsaya a bakin ƙofa. Shanun suna ɗaure a gindin itacen bedi, ɗaya fari ɗaya ja. Mamman ya kwance igiya ya miƙa wa Bawa, Bawa ya miƙa wa Hassi. Na ce ta ja su ta kai inda take so.

Ta ja, farin ya taka, jan ya kafe ya ƙi motsi, yana waiwayen Bawa. Mutane suka fara dariya. Bawa ya ɗaga sanda zai kora mata shi, na ce ya sauke, yanzu ba nasa ba ne. Hassi ta gyara goyonta, ta matsa kusa da san, ta dafa wuyansa ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, irin yadda ta saba yi in ta kai musu dusa. Ya sunkuyo ya shinshini hannunta, sannan ya bi ta. Muka tsaya muna kallo ta fita da su ta ƙofar kotu ta hau titi, tana gaba da igiya a hannu, mijinta da yayansa suna biye a baya.